Inryoku, juuryoku ko miryoku: wacce kake nema a Japananci?

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digiri a fiziks, kana shirin neman gurbin ƙaro karatu a Japan, har ka fara koyon Japananci da kanka. Ka nemi sunan ƙarfin nan da ke sa abu ya faɗo ƙasa in an sake shi, sai ƙamus ɗin wayarka ya ba ka 引力, inryoku, ya ce tana nufin wannan ƙarfi, tana kuma nufin jan da wani abu ke yi wa wani. Da ka leƙa wani wuri kuma sai ka tarar da 重力, juuryoku. Kana son sanin wacce ce daidai, da kuma ko inryoku ɗin ce za ka ɗauka in kana son ka ce wani mutum ko wani gari ya kwanta maka a rai.

Duka biyun daidai ne, sai dai ba gefe ɗaya suke kallo ba. Inryoku tana kallon wanda ke ja. Juuryoku tana kallon nauyin da wanda ake ja yake ji. Maganar mutum da ya kwanta maka a rai kuwa tana da tata kalmar daban, 魅力, miryoku. Shawarata ita ce kada ka haddace su a dunƙule kamar lambar waya. Ka warware su tukuna, domin inryoku da juuryoku an gina su ne da kalmomin cikin gida waɗanda yaron firamare ya sani, kuma in ka riƙe waɗannan ba za ka ƙara rikita su ba.

Mu fara da 引. Ranar da ka sauka Japan, kafin ka ga wannan harafi a littafi za ka gan shi a jikin ƙofa. Ƙofofin shaguna da ofisoshi da yawa suna da ɗan allo kusa da mariƙi: a wannan gefe 押, a wancan gefe 引. Na farko osu ne, tura. Na biyu hiku, ja. Ka dubi siffarsa da kyau: ɓangaren hagu, 弓, baka ne, irin na maharba, layin da ke tsaye a dama kuma ka ɗauke shi tsirkiya. Baka da tsirkiya, me ake yi da su in ba ja ba? Zane huɗu ne kacal, yara suna koyonsa a aji biyu na firamare. In harafin yana zaune shi kaɗai a matsayin aikatau ana karanta shi hiku, wanda shi ne asalin furucin Japanawa. In ya haɗu da wani harafi suka zama kalma ɗaya ta ilimi, sai a karanta shi "in", furucin da aka aro daga Sinanci tun ƙarnoni da suka wuce. Yawancin harufan kanji, wato irin waɗannan harufa da aka aro daga Sinanci, haka suke da fuska biyu, kuma nan ne mai koyo yake fara gajiya. Kada ka gaji, tsarin yana da kai.

Hiku tana da yawo sosai. Duba kalma a ƙamus, jisho o hiku. Ja layi, sen o hiku. Lissafin ɗebewa, hikizan. Ragin da ake yi maka a kanti, waribiki. Mura ma in ta kama mutum sai a ce kaze o hiku, kamar shi ya jawo ta cikin jikinsa. Wadda ta fi faranta mini rai ita ce chuui o hiku da ki o hiku, domin daidai suke da "jan hankali" namu, babu ragi babu ƙari. Bahaushe da Bajapane, ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, kowanne ya ga cewa hankali abu ne da ake ja.

Sai 重. Zane tara, aji uku. Shi kaɗai omoi ne, mai nauyi. A haɗe kuwa yawanci juu, wani lokaci choo. Nauyin jikin mutum taijuu. Abu mai muhimmanci juuyoo. Abu mai daraja kichoo. Girmama ra'ayin wani sonchoo. Nan ma za ka ji kamar a gida kake. Wanda ba ya saurin magana mu muna cewa yana da nauyin baki, su suna cewa kuchi ga omoi, bakinsa yana da nauyi. Mai nauyin jiki, wanda sai an yi da gaske yake tashi ga aiki, su ƙugunsa suke ɗora wa laifin: koshi ga omoi. Amma akwai inda muka rabu, kuma ina so ka kiyaye. Mu in muka ce muna jin nauyin mutum, kunya ce da girmamawa. Su in aka ce wa saurayi ko budurwa omoi, ba yabo ba ne ko kaɗan. Ana nufin son nasa ya zama kaya, ya cika naci da kishi da bibiya har ɗayan ya gaji.

Na uku shi ne 力, wanda dukkan kalmominka uku suka ƙare da shi. Zane biyu, aji ɗaya. Shi kaɗai chikara, ƙarfi. A haɗe ryoku, jefi-jefi riki. Wannan ɗan harafi in ka riƙe shi ka samu jari, domin kalmomin fanninka da yawa da shi suke ƙarewa: denryoku ƙarfin lantarki, atsuryoku matsi, jiryoku ƙarfin maganaɗisu, furyoku ƙarfin da ke sa kwalekwale ya tsaya a saman ruwa, sekiryoku ƙarfin ture juna, wanda shi ne kishiyar inryoku. A wajen aji kuma akwai doryoku ƙoƙari, nooryoku iyawa, kyooryoku haɗin kai. Masu riki kuwa su ne irin rikigaku, ilimin motsi da ƙarfi, da rikishi, ɗan kokawar sumo. Ka kula, yana kama ƙwarai da カ, wato "ka", na katakana, ɗaya daga cikin jerin harufansu na sauti. Abin da ke gabansa da bayansa ne zai gaya maka wanne ne.

To ka ga, inryoku "ƙarfin ja" ce, juuryoku "ƙarfin nauyi". Yanzu bari in gaya maka dalilin da ya sa suka zama biyu, domin labarin yana da daɗi kuma yana warware rabin tambayarka.

A zamanin mulkin gidan Tokugawa, Japan ta taƙaita hulɗa da ƙasashen waje sosai. Daga cikin Turawa, mutanen Holan kaɗai aka bari su yi ciniki, su ma tun daga 1641 an killace su a wani ɗan tsibiri da aka gina da hannu a bakin tekun Nagasaki, mai suna Dejima. Saboda haka yawancin ilimin Turai da ya shiga Japan a wancan lokaci, ta harshen Holan ya shiga, kuma akwai gidaje a Nagasaki da sana'arsu ta gado ita ce tafinta. A ɗaya daga cikin waɗannan gidaje aka yi wani mutum mai suna Shizuki Tadao, wanda aka haifa a 1760 ya rasu a 1806. Daga baya ya ajiye aikin tafinta ya duƙufa kan littattafai. Newton ya wallafa babban littafinsa a 1687. Wani malami a Oxford, John Keill, ya rubuta bayanin ilimin Newton da Latin. Wani farfesa a Leiden, Johan Lulofs, ya mayar da aikin Keill zuwa harshen Holan a 1741. Wannan fassarar ce ta faɗo hannun Shizuki, ya shafe shekaru yana fama da ita, har ya fitar da nasa littafin, Rekishoo Shinsho, wanda ya kammala a 1802.

Ka tsaya ka yi tunanin halin da mutumin nan yake ciki. Babu ƙamus na kimiyya, kuma abubuwan da yake karantawa ba su da suna a harshensa. Dole ya fahimci Newton sannan ya raɗa wa abin da ya fahimta suna. A harshen Holan ya tarar da kalmomi biyu. Ɗaya zwaartekracht, wadda aka haɗa daga zwaarte, nauyi, da kracht, ƙarfi. Ɗaya aantrekkingskracht, ƙarfin jawowa. Harufan 重力 da 引力 sun hau kan waɗannan biyun daram, nauyi da ƙarfi, ja da ƙarfi. Shi ake danganta wa ƙirƙirar kalmomin biyu, tare da 遠心力, enshinryoku, da 求心力, kyuushinryoku, waɗanda za mu zo kansu. Shi ne kuma a 1801 ya ƙirƙiro kalmar sakoku, "rufe ƙasa", wadda har gobe da ita ake kiran wancan zamani na tarihin Japan. Kalmomin da ɗalibin jami'ar Tokyo yake rubutawa a jarrabawa yau, wani mutum ne shi kaɗai a ɗakinsa a Nagasaki ya zauna ya auna su sama da shekara 200 da suka wuce.

Wannan abu yana taɓa ni, domin mu har yanzu ba mu tsayar da tamu kalmar ba. Sau da yawa ina jin ana cewa "maganaɗisun ƙasa", kuma ba na jin daɗinta. Duniya tana da maganaɗisu na gaske, wanda ke juya allurar kamfas ta fuskanci arewa, kuma shi ba shi ne ke faɗo da mangwaro daga bishiya ba. Maganaɗisu yana kama ƙusa, ba ya kama tsinken tsintsiya, ƙarfin da muke magana a kai kuwa bai bar kowa ba. Yaron da aka koya wa suna ɗaya ga abubuwa biyu zai sha wahala kafin ya raba su. Japanawa sun raba: jiryoku daban, juuryoku daban. Ni dai da ɗalibaina "ƙarfin ja" da "ƙarfin nauyi" nake cewa, kuma ban taɓa ganin wanda ya kasa ganewa ba.

Mu koma aji. A hirar yau da kullum Bajapane zai iya musanya kalmomin biyu ba wanda zai ɗaga kai. Amma a makaranta akwai bambanci da ake koyarwa a fili, musamman a darasin chigaku, kimiyyar ƙasa. Na taɓa zama a bayan wani aji na babbar sakandare ina kallon wata malama tana bayaninsa. Ta zana da'ira babba a allo da farin alli, ta sa ɗigo a wajen da Japan take, sama da tsakiya. Daga ɗigon ta ja doguwar kibiya zuwa cibiyar da'irar, ta rubuta 引力. Ta ɗauki jan alli ta ja wata 'yar gajeruwar kibiya daga ɗigon zuwa waje, a kwance, ta rubuta 遠心力. Sannan ta haɗa kibiyoyin biyu ta fitar da ta uku, wadda ta ɗan gaza ta farko tsawo kuma ta ɗan kauce wa cibiyar, ta buga allin a kanta sau biyu ta ce, "Kore ga juuryoku desu." Wannan shi ne juuryoku.

Enshinryoku ita ce abin da kake ji a hannunka in kana kaɗa majajjawa, dutsen yana neman ya tsere. Harufanta uku: nesa, zuciya ko cibiya, ƙarfi. Tunda duniya tana juyawa, duk abin da ke kanta yana samun ɗan wannan turi zuwa waje. Saboda haka a ma'anar makaranta, inryoku ita ce zallar jan da duniya ke yi maka saboda yawan abin da ta ƙunsa, juuryoku kuwa ita ce abin da ya rage bayan juyawar duniya ta ɗan rage shi, wato abin da sikeli yake karantawa. Ragin ba shi da yawa. A kan ikweta, layin da ya raba duniya arewa da kudu, inda ya fi ƙarfi, bai wuce kusan kashi 1 cikin 300 ba. Amma idan aka haɗa shi da cewa duniya ta ɗan kumbura a tsakiya, sai ka ga ƙarin saurin da abu mai faɗuwa yake samu a kowane sakan, wanda suke kira juuryoku kasokudo, ya tashi daga kusan mita 9.78 a sakan a ikweta zuwa kusan 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu. Ka san 9.8 da muke haddacewa tsaka-tsaki ce kawai.

Japan doguwar ƙasa ce daga arewa zuwa kudu, shi ya sa wannan bambanci ba maganar littafi ba ce kawai a wurinsu. A Sapporo, can arewa a tsibirin Hokkaido, adadin yana wajen 9.805. A Naha ta Okinawa, can kudu, yana wajen 9.791. In ka auna kilo ɗaya na zinariya a Sapporo da sikelin lantarki, ka ɗauki sikelin da zinariyar ka kai Naha ba tare da ka gyara shi ba, zai nuna maka ta ragu da fiye da giram ɗaya, alhali ko ƙwayar zarra ba ta fita ba. Wannan ya sa wasu sikelin da ake sayarwa a can suke zuwa da wurin zaɓar yankin da kake zaune. Mizani mai kwano biyu, irin na masu sayar da gwal a kasuwanninmu, shi wannan bai dame shi ba, tunda abin da ya rage wa wannan kwano shi ya rage wa wancan. Nan ne za ka buƙaci wasu kalmomi biyu: shitsuryoo, yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ba ya canzawa, da omosa ko juuryoo, nauyi, wanda ke canzawa. Ka lura juuryoo da juuryoku ba ɗaya ba ne, kunne yana saurin haɗa su.

Idan kana son ka ji bambancin a bakin mutane, ɗauki wata. In ana maganar yadda yake jan ruwan teku ya cika ya janye, ana cewa tsuki no inryoku de shio no michihiki ga okoru. Watan yana can nesa yana ja, don haka inryoku. In kuwa ana maganar wanda ya taka watan yana tsalle, sai a ce tsuki no juuryoku wa chikyuu no roku-bun no ichi desu, ƙarfin nauyi a wata kashi ɗaya ne cikin shida na duniya. Mutumin yana tsaye a kai yana jin nauyinsa, don haka juuryoku. (Ka lura da yadda suke faɗin kashi: shida ɗin ake fara ambata, sannan ɗaya. Wannan yana kayar da baƙi da yawa a ajin lissafi.) Dokar Newton kuma sunanta 万有引力の法則, ban'yuu inryoku no hoosoku. 万 dubu goma ne, amma a nan yana nufin "dukkan", 有 kuma abin da yake akwai. Wato jan da ke tsakanin dukkan abin da ke akwai. Ba a cewa ban'yuu juuryoku. Aikataun da ke bin su duka biyun shi ne hataraku, yin aiki: juuryoku ga hataraku.

Sai dai kada ka riƙe wannan rabo kamar aya. Da zarar ka shiga fiziks na zamani, juuryoku ce ke cinye filin. In ana lissafa ƙarfafa huɗu na asali da duniya ta ginu a kansu, juuryoku ake cewa. Ka'idar Einstein ka'idar juuryoku ce. Igiyoyin ƙarfin nauyi da aka fara ganowa a Amurka a watan Satumba na 2015, su juuryokuha ne, 重力波, kuma Japan tana da tata na'urar neman su, KAGRA, a ƙarƙashin dutse a Kamioka cikin jihar Gifu, mai hannuwa biyu kowanne kilomita 3. A babban yankin ƙasar Sin kuwa waɗannan igiyoyi 引力波 ake rubuta su, da harafin ja. Don haka in ka ci karo da shafi mai 引力波, akwai yiwuwar Sinanci kake karantawa ba Japananci ba. Tunda fiziks za ka karanta, juuryoku ce za ta fi yawa a bakinka, nesa ba kusa ba.

Akwai kuma mujuuryoku, 無重力, "babu ƙarfin nauyi", wadda kowa ke faɗi in ya ga 'yan sama-jannati suna shawagi a tashar sararin samaniya, inda Japan take da ɗakin gwajinta mai suna Kiboo, wato fata. Kai da ka karanta fiziks ka san a tsayin kilomita 400 jan duniya yana nan kusan kashi 90 cikin 100, faɗuwa kawai suke yi ba tare da sun iso ba. Masana a can ma sun san haka, shi ya sa a rubutu na ilimi za ka fi ganin mujuuryoo, rashin nauyi, ko bishoo juuryoku. A gaban farfesa, ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan biyun.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, na zuciya. In ka ce wa mutum yana da inryoku zai gane, amma zai ji kamar waƙa kake rerawa ko take kake rubuta wa littafi. Marubuta suna yin haka da gangan, su ce tokai no inryoku, jan da birni ke yi wa matasan ƙauye. A maganar yau da kullum kuwa miryoku ce. Ka dubi harafin farko, 魅. A cikinsa akwai 鬼, oni, dodo ko aljani, ɗan guntun 未 kuma shi ke ba da sautin "mi". Asalin ma'anar ita ce abin da ke ɗauke hankalin mutum kamar an yi masa asiri. Yau wannan inuwa ta dushe, kalmar ta zama mai tsabta, ana faɗinta a ko'ina. Ta fi kusa da abin da muke nufi da farin jini, ta ɗan taɓo kwarjini, amma ta fi su faɗi domin gari da sana'a da littafi duk suna iya samunta. Kyooto no miryoku, abin da ke sa a so Kyoto. Miryokuteki na hito, mutum mai shiga rai. Ba kyan fuska kaɗai take nufi ba, dattijo mai daɗin zama ma ana faɗa masa.

Amma hiku ba ta bar fagen ba. In Bajapane yana son ya ce zuciyarsa ta karkata ga wani, kalmar da ta fi fitowa daga ransa ita ce hikareru, "a ja ni". Kare no hitogara ni hikareta, halinsa ne ya ja ni. A littattafan labari za ka gan ta da wani harafi na musamman, 惹かれる, wanda ke da 心, zuciya, a ƙasansa. Wannan harafi ba ya cikin jerin harufa 2,136 da gwamnati ta tsayar a 2010 don amfanin yau da kullum, saboda haka jaridu sukan rubuta ta da hiragana, harufan sauti, kawai ko da 引 ɗin da ka riga ka sani.

Nan akwai rami, kuma na ga wanda ya faɗa. Wani ɗalibi baƙo da muka yi ajin harshe tare, injiniya ne mai son motoci, aka tambaye shi abin da ya kawo shi Japan. Ya miƙe da fara'a ya ce, "Nihon no kuruma ni hikaremashita." Malamar ta ajiye alƙalaminta, fuskarta ta canza, ta tambaye shi yaushe, kuma ko ya je asibiti. Shi yana nufin motocin Japan ne suka ja ra'ayinsa. Abin da kunnenta ya ji shi ne motar Japan ta take shi, domin akwai wata hikareru, 轢かれる, mai furuci iri ɗaya, wadda ke nufin mota ta bi ta kan mutum, kuma da zarar an ambaci kuruma ita ce ke fara zuwa rai. Da ya ce kuruma ni miryoku o kanjimashita, da babu wannan ruɗani. Haka kaɗa piyano hiku ne, niƙa kofi ma hiku ne, kowanne da harafinsa.

Sauran 'yan uwan, waɗanda Turanci ke haɗawa a ƙarƙashin attraction ko gravity, ba sai na daɗe a kansu ba. Wuraren da baƙi ke zuwa kallo meisho ne ko kankoochi. Atorakushon, wadda aka aro daga Turanci, lilo ne da jirgin wasa na filin shaƙatawa, kada ka kai ta wani wuri. Kyuuinryoku ƙarfin zuƙa ne, za ka gan ta a tallar injin share ƙura. In kuwa girman lamari kake nufi, kamar a ce al'amarin ya yi tsanani, to juudai ko shinkoku. Kyuushinryoku ɗin Shizuki kuma ta yi ƙaura: littattafan fiziks na yanzu sun fi amfani da kooshinryoku ga ƙarfin da ke jan abu zuwa cibiya, ita kuwa tsohuwar ta koma shafin siyasa. In jarida ta ce kyuushinryoku na firaminista ya ragu, tana nufin 'yan jam'iyyarsa sun fara watsewa daga jikinsa.

Game da furuci, kai Bahaushe kana da gata biyu da Bature ba shi da su. Ka san bambancin dogon wasali da gajere tun kana goye, kuma kunnenka ya saba da hawa da saukar murya. Juu ɗin juuryoku dogo ne, ka ja shi sosai. Ryo kuwa bugu ɗaya ne, ba "riyo" ba. Yadda kake cewa kyau da gyara ba tare da ka raba su ba, haka za ka yi da wannan, harshe ya taɓa bayan haƙoran sama sau ɗaya tak ya sauka, kada ka karkaɗa shi. Ka riƙa tafi da hannu kana ƙirgawa: i, n, ryo, ku, huɗu. Ju, u, ryo, ku, huɗu. Ita "n" ɗin tana da nata bugun cikakke. Mi, ryo, ku, uku. A harshen Tokyo, inryoku da juuryoku duka suna farawa da murya sama a bugun farko sannan ta sauko, "u" ta ƙarshe kuma sau da yawa da ƙyar ake jinta. A kwamfuta ka rubuta juuryoku da u biyu, in ba haka ba harafin ba zai fito ba. Ban'yuu kuma ka buga n sau biyu, bannyuu, domin in ka buga ɗaya na'urar za ta ɗauka "nyu" kake so ta ba ka ばにゅう.

Tunda ka ce za ka rubuta wa farfesan da kake son ya karɓe ka, ga yadda za ka haɗa su. Fanninka, in wannan ne, ka ce juuryoku no kenkyuu o shitai desu, ina son in yi bincike kan ƙarfin nauyi. Dalilin da ya sa ka zaɓe shi kuma, ka ce sensei no go-kenkyuu ni miryoku o kanjimashita, binciken Malam ya shiga raina. Kada ka manta da ɗan "go" ɗin nan a gaban kenkyuu ɗinsa, na girmamawa ne, kuma naka binciken ba a sa masa. Ba a kuma ce masa anata, kai, ko sau ɗaya a cikin wasiƙar. Sensei za ka riƙa cewa daga farko har ƙarshe, kamar yadda ba za ka kira malaminka na zaure da sunansa ba. In ka rubuta daftarin ka turo mini in duba kafin ka aika.